Filtar Gilashi

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Baffa Sifana,

Gaisuwa da girmamawa daga ɗanka Auta, ɗan Hedimasta, idan ba ka manta da ni ba, don rabona da kai tun ina aji huɗu. Ina fata kana lafiya, kai da 'yarka da maigidanta da jikoki. Na so in kira ka a waya, sai aka ce min hayaniyar gareji ta cinye maka kunne. Shi ya sa na ba direban babbar motar da ke bi ta unguwarku wannan takarda.

Mu lafiya lau, sai dai jikin Baba. Shekara biyu ke nan mantuwa ta kama shi, tun rasuwar Inna kuma abin ya ƙaru. Ba ya gane ni. Malam yake kira na, ya tambaye ni me ya sa ban shiga aji ba. Ga ciwon zuciya, likita ya ja ni gefe ya ce kada mu sa dogon rai. Abu ɗaya ne bai fita daga kansa ba, koriyar motarsa. Kullum da safe sai ya tambaya ko an tayar da ita ta yi ɗumi, alhali shekara ashirin da uku ke nan tana bayan gida ƙarƙashin rumfa, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Baffa, na ɗauki alkawari tsakanina da Allah sai Baba ya sake shiga motar nan da ƙafarta, ko zagaye ɗaya ne. Ni tela ne, ka sani, amma wata bakwai ke nan ina rufe shago da wuri ina kwanciya a ƙarƙashinta. An yi mata fenti, an gyara birki, na sa batir da filogi sababbi, kujerun kuma ni na ɗinka su da hannuna. Tana tashi. Sai dai ba ta cika minti biyar sai ta fara tari ta mutu. Na buɗe kafireta na tarar da wani jan gari a ƙasanta kamar garin bulo. Makanikan yanzu kwamfuta suke sa wa mota, wanda na kawo ya leƙa ya yi dariya ya tafi.

An ce babu wanda ya san cikin motar nan kamarka. Ka taimake ni don zumunci.

Ɗanka,
Auta

15 ga Fabrairu

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Ban manta da kai ba, kai ne mai sace min goro (na ƙarfe, ba na ci ba) kana yin zobe da shi. Lafiyata ƙalau in ban da kunne da ya yi ritaya kafin ni, da idon hagu da ya fara bin sahunsa. Labarin Yaya ya taɓa ni. Allah ya ba shi sauƙi.

To tela ya zama makanike. Allah ya sa kada ka yi wa injin kalmasa. Jan garin da ka gani tsatsa ce. Tankin da ya kwana shekara ashirin babu mai, cikinsa ya ruɓe, shi yake aika wa kafireta ƙasa. Ka sauke tankin, ka zuba tsakuwa mai tsabta da kananzir, ku girgiza shi kai da wani har hannunku ya gaji, ka zubar, ka sake, sai abin da ke fitowa ya yi fari. Ka shanya shi kwana biyu. Duk wani tiyo na mai ka yar da shi ko da ya yi maka kyau a ido, man yanzu yana cin tsohuwar roba ta ciki.

Sai filta. Ka karanta nan sau biyu. Ka sayi ta ƙarfe, mai kamar ƙaramin gwangwani. Ka ɗaura ta a ƙarƙashin mota, kusa da tanki, kafin mai ya kai famfo, don famfon ma kada ya sha datti. Akwai kibiya a jikinta, bakin kibiyar ya kalli inji. Ka kama ta da jikin mota kada ta yi lilo, ka ɗaure kowane baki da kilif mai ƙusa, ba waya ba, ba zaren ɗinkinka ba.

Idan ka buɗe bonet za ka ga wata tsohuwar filta mai haske tana rataye a tiyo tsakanin famfo da kafireta, daidai saman inda salansa ke fitowa daga inji. Cire ta ka jefar, kada ka sa komai a gurbinta. Wurin nan yana yin ja don zafi, kuma man da ke bi ta nan famfo ya riga ya matso shi, ko ƙofar allura ya samu feshi zai yi. Ubanka ne ya sa ta a nan. Ba daidai ya yi ba, na faɗa masa bai ji ba, taurin kansa ya fi na ƙusar da ta yi tsatsa.

Ka rubuto min yadda ta kasance.

Baffanka

2 ga Maris

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma duba idonka. Yara lafiya, uwarsu tana gaishe ka. Baba ƙafafunsa sun fara kumbura, an ƙara masa magani.

Duk abin da ka ce na yi. Tsatsar da ta fito daga tankin ta cika rabin bokiti. Na sa ta ƙarfen a ƙasa, kibiya na kallon gaba, na cire tsohuwar ta sama wadda ta riga ta dafe ta tsage. Baffa, na murza makulli sau ɗaya ta kama. Awa guda tana aiki ko tari ba ta yi ba. Na zauna a kujerar direba na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa maka.

Washegari da hantsi muka turo Baba a kekensa. Da ya ji ƙarar injin sai ya miƙe zaune, ya ce a buɗe masa bonet. Na buɗe. Bai kalli fenti ba, bai kalli kujerun da na yi wata biyu a kansu ba. Hannunsa ya miƙa kai tsaye wurin da tsohuwar filtar take, yana lalube a iska. Ya duba, ya sake dubawa. Sai ya ce min, “Malam, wannan ba motata ba ce. Tawa ana ganin manta.” Ya ce a mayar da shi ɗaki. Ranar ko abinci bai ci ba.

A nan na tuna. Muna yara, kullum kafin ya tafi makaranta sai ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon mai yana tasowa a cikin 'yar kwalbar nan, ya ce mutum ba ya yarda da abin da bai gani ba. Haka yake yi wa malamansa ma, ta taga yake leƙensu.

Na gwada sau uku, sau uku yana cewa ba tasa ba ce. Don haka ina so in sa mai haske a wurin da ya saba. Ta ƙasan tana nan tana aikinta, wannan ta ido ce kawai. Zagaye ɗaya ne fa, Baffa, ba tafiyar kwana ba.

Akwai kuma abin da ya tsaya min a rai. Inna ta taɓa faɗa min cewa kai da Baba kun yi shekara ashirin da shida ba ku magana, kuma a kan motar nan ne, ba ta dai faɗi me ya haɗa ku ba. Da na karanta abin da ka rubuta game da taurin kansa, sai na rasa ko makanike ne yake min magana ko wanda aka ɓata wa rai. Ka yafe min idan na yi rashin kunya. Mutumin da ka sani ba shi ne a keken nan ba. Ka ba ni amsa da wuri, kwanakin ba su da yawa.

Ɗanka,
Auta

24 ga Maris

Baffa,

Ina gaisuwa. Baba ya kwana uku a asibiti, an sallamo shi jiya. Numfashinsa sama-sama yake.

Sati uku ke nan. Direba ya zo sau biyu hannu wofi, ya ce ya ba jikarka takardata a bakin ƙofa, bai gan ka ba. Na gane. Na taɓo inda bai kamata ba, ka yi fushi. Matata ta ce in nemi lambar 'yarka in kira a tambaye ka. Ban kira ba. Gaskiya ita ce na san abin da za ka ce, kuma ba na so in ji.

Na je kasuwar kayan mota, ta gilashi babu, an ce an daina kawowa. Na samu ta roba mai haske, ana ganin mai tar a ciki. Mai shagon ya ce kowa ita yake sa wa. Na yanka tiyo na sa ta daidai inda tsohuwar take, na ɗaure da kilif biyu kamar yadda ka koya min. Na auna da tef ɗina, inci uku ne tsakaninta da salansa. Na bar injin minti goma na taɓa ta, ɗumi kawai ta yi.

Ranar Asabar da safe zan fita da shi. Mu bi ta gaban tsohuwar makarantarsa mu dawo. Ba izini nake nema ba, ina sanar da kai ne don ka yi mana addu'a, in zuciyarka ta yarda.

Auta

25 ga Maris

Auta, ɗana,

Ina gaishe ka, ina duba Yaya. Kada ka ga rubutun ya karkace, da ido ɗaya nake yi. An yi min aiki a na hagun, aka naɗe min fuska aka hana ni karatu da sunkuyo. Takardarka ta biyu ga wata tana cikin aljihun jakar makarantar jikata, sai shekaranjiya uwarta ta gano ta wajen wanki. Ban yi fushi ba. Wace irin rashin kunya? Tambaya ka yi, kuma kana da hakkin ka ji.

Amma fara jin wannan. Kada ka sa komai a saman salansa. Musamman ta roba. Idan mota na tsaye bonet a buɗe ba za ka ji zafin ba, iska na ɗauke shi. Sai an rufe bonet, an yi tafiya, an tsaya a cunkoso, nan robar ke laushi, girgizar inji kuma ta ƙarasa ta a wuya, inda tiyo ya kama. Na ga motoci huɗu da suka tafi ta wannan hanyar. Ɗaya da mutum a ciki.

Ga abin da ya haɗa mu. Yaya ya kawo min motar gyaran birki. Na buɗe bonet na ga filtarsa ta gilashi tana ɗiga a kan salansa, ɗigo ɗaya-ɗaya, yana cewa tsss. Ku ne kuke zama a baya, ku biyar. Na san in na tambaye shi zai ƙi, sai na cire ba da saninsa ba na sa ta ƙarfe a ƙasa. Da ya gano, ya zo gareji a gaban jama'a ya ce na sace masa kaya. Ni kuma na ce masa ya iya karanta littafi amma bai iya karanta mota ba. Ya sayi wata ya sa da hannunsa. Shi ke nan. A kan abin da bai kai tsawon yatsa ba muka tsufa ba mu gaisa ba. Laifina shi ne ban zaunar da shi na nuna masa ɗigon ba. A lokacin na fi son a ce ni ke da gaskiya da in yi haƙuri.

Ka buɗe ƙunshin da ke tare da wannan takarda. Filtarsa ce ta asali, tana cikin akwatin sifanuna tun ranar. Na canja mata robobin baki, ba ta ɗiga. Ƙarfen da ke tare da ita mariƙi ne, jiya na lanƙwasa shi a ɓoye, 'yata ta kama ni ta yi ta faɗa. Ka ɗaura shi a bangon ɗakin inji ta ɓangaren batir, can nesa da salansa, ka zagayo da tiyo ta bayan inji. Na zana maka a bayan takarda. A can babu zafi, babu lilo.

Kada ka damu da cewa ba nan ya saba gani ba. Na san Yaya tun muna raba tabarma ɗaya. Ba wurin yake nema ba, man yake son ya gani. Ka kama hannunsa ka ɗora a kan gilashin, zai gane kayarsa.

Idan idona ya warke zan zo. Ka faɗa masa Sifana ya dawo da abin da ya ɗauka. Kada ka tayar da ita sai ka yi yadda na ce.

Baffanka

3 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaishe ka da ladabi, ya ƙarfin ido? Matar ɗanka Auta ce take rubutu. Shi yana kusa da ni, hannuwansa biyu a naɗe, ba zai iya riƙe biro ba. Ya ce in rubuta komai kada in rage.

Takardarka da ƙunshin sun iso ranar Litinin. Direban ya ce motarsa ta lalace a hanya ya kwana uku. Mu kuma ranar Asabar muka fita.

Da aka turo Baba aka buɗe bonet, ya ga mai yana tasowa a cikin ta robar, sai ya gyaɗa kai ya ce yawwa. Muka ɗaga shi muka zaunar a gaba, ni ina baya da jakar magungunansa. Baffa, da muka hau titi sai ya sauke gilashi da kansa ya ɗora gwiwar hannu a taga. Ya juya ya kalli ɗanka ya ce, “Auta, yaushe ka iya tuƙi?” Shekara biyu bai kira sunan nan ba. Ɗanka hawaye kawai yake yana riƙe da sitiyari. Muka wuce gaban makarantar, Baba ya ce an bar ciyawa ta yi yawa, zai yi magana da mai gadi.

A dawowa muka tarar da cunkoso wajen wata mahaɗar hanya. Mun yi kamar minti goma sha biyar a tsaye. Ni na fara jin warin fetur, kafin in gama faɗa hayaƙi ya taso ta gefen bonet, sai wuta ta biyo ta ƙasan sitiyari. Na fita ta baya. Ƙofar Baba ta ƙi buɗuwa ta waje, ka san halinta. Ɗanka ya koma ta ɓangaren direba, inda wutar take, ya cire masa bel ya jawo shi ta kan kujera. Baba ko gashinsa bai ƙone ba. Mutane sun zo da ƙasa da abin kashe wuta, amma mai na ci gaba da zuba. Muna tsaye a bakin titi ta cinye, har kujerun.

Likita ya ce hannun hagu zai warke. Na daman, babban yatsa da manuni, sai an kwance an gani. Kai ka san da me tela yake riƙe allura. An rufe shago. Ba ya barci sosai, ba ya kuma son a yi masa jaje. Da na karanta masa takardarka, da na zo inda ka ce ba ka yi fushi ba, sai ya ce in tsaya, ya juya fuskarsa bango. Ya ce in roƙe ka gafara, ya zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ya ce lambar 'yarka tana cikin wayarsa tun sati biyu kafin ranar, shi ne bai danna ba.

Baba bai san an yi gobara ba. Kafin la'asar ranar ya manta. Ya koma kiran ɗansa Malam, yana tambayarsa wa ya naɗe masa hannu. An jawo ƙarfen motar an mayar ƙarƙashin rumfa, mun rufe da tamfol, mun daina bi da shi ta bayan gida. Jikinsa kuma ya ƙara sauka, ruwa-ruwa kawai yake iya sha.

Shekaranjiya ina gyara ɗaki na ajiye ƙunshinka a kan gadonsa. Ina juyowa na ga ya zaro filtar gilashin, ya ɗaga ta saitin taga yana juyawa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, “Tawa ce. Sifana ya dawo da ita.” Na ce e, Baba, ya ce a gaishe ka. Ya ce, “Babu mai a ciki. Ku ce masa ya zo ya ɗaura, shi ya iya. Ku ce na daina faɗa.”

Tun ranar bai sake ta ba, da ita yake kwana a hannu. Kullum da safe sai ya sa a juya kekensa ya kalli ƙofa, ya tambaya ko ka iso, ya ce a wanke motar kafin ka zo. Jiya na ce masa kana hanya. Yau ma haka na ce.

Baffa, in idonka zai iya, kada ka jira ya gama warkewa. Ka zo da sifanunka ko da babu abin da za ka ɗaura, ya gan su a hannunka. In kuma ba zai yiwu ba, ka rubuto mana abin da za mu faɗa masa gobe, don ni dai nawa ya ƙare.

'Yarka,
matar Auta